Ranar da Na Kai Baffa Ganin Gauraki

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ranar da na kai mahaifina fadama ganin gauraki ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Baffa muke ce masa. A shekarar da idonsa ya kusa tafiya, likita a Kazaure ya gaya mana ba makawa zai rufe. Bai nemi komai ba sai abu ɗaya: a kai shi fadamar da ke bayan garinmu, wajen Roni, inda ya yi kiwo yana saurayi, ya ƙara ganin gauraki. Yayyena suka ce rigimar tsufa ce. Ni ne auta, ba na iya yi masa musu, na goya shi a babur da sassafe bayan ɗaukewar damina.

Inda hanya ta ƙare muka sauka, ya dafa kafaɗata muka bi gefen ruwa, taɓo yana kama mana takalma. Ni nake gani, shi yake faɗin suna. In ce ga wani dogon tsuntsu ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ce zalɓe ne. Wani abu ya faɗa ruwa tsundum, na yi tsalle na kusa kayar da shi.

"Guza ne, matsoraci," ya ce yana dariya. Rabona da jin dariyarsa tun rasuwar Inna, mahaifiyarmu.

Da muka zagaya bayan dogayen ciyayin kacala sai wari ya tare mu. Agwagin ruwa ne birjik a gefen wata gonar shinkafa, duk matattu, har da belbelu. An jiƙa tsaba da maganin feshi an watsa saboda tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona, kowa ya ci ya kwanta. Ban gama gaya masa ba muka ji wani kuka mai kauri daga gabanmu. Baffa ya damƙe kafaɗata.

"Gauraka ne! Kai ni kusa."

Na kai shi. Gaurakan yana tsaye kuwa, dogo, da tukkunsa ruwan zinare, ko gezau bai yi ba. Baffa ya ƙanƙance ido, ya goge da bakin rawaninsa, ya ce inuwa kawai yake gani. Sai ya kasa kunne.

"Auta, su biyu suke kuka, ɗaya ya yi ɗaya ya amsa. Ina ɗayan?"

Macen tana kwance a gaban namijin cikin laka, wuya a lanƙwashe. Wallahi na so in ce ta tashi sama, bakina ya ƙi.

"Allah ya ba ka haƙuri, Baffa. Ta ci tsabar."

Tsuntsun yana ta kira. Can Baffa ya ce, "Ba zai bar wurin ba. Mu tafi, na san abin da yake ji." A hanya ina jin hawayensa yana jiƙa mini bayan riga.

Kafin wata daminar idon ya rufe gaba ɗaya. Na sha komawa fadamar, ban ƙara ganin gauraka ba.

Tun ranar na gane cewa abin da muke gani a daji ba dole ne ya jira 'ya'yanmu ba, mu ne za mu bar musu ko mu ƙarar. Ina noman shinkafa yanzu, jan-baki suna yi mini ɓarna, ina korarsu da gwangwani da majajjawa, amma guba ba ta shiga gonata. Da 'yata ta tambaye ni kamannin gauraka, sai na ji ina kwatanta mata shi yadda na kwatanta wa Baffa, ita kuma da idonta garau.