Samirar Yaya Hajo

Daga Bungudu zuwa Tsafe

Na fito gida ana kiran assalatu, na yi sallah a masallacin tasha. Saƙo ne ya zo cewa yayata Hajo, da ke aure a Tsafe, zawo ya ƙi sakin ta tun kafin girbi. Ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu, don haka ban tsaya shawara da kowa ba. Motar Gusau buhunan wake ta ɗauko, mu mutane aka cusa mu a kansu. A Gusau na canza mota, direba ya ƙi tashi.

"Sai na ga motocin Tsafe sun fara shigowa, Malam," in ji shi. "In sauri kake, ga hanya nan."

Kowa ya san dalili: 'yan bindiga kan tare hanyar. Da hantsi muka tashi. Shinge bayan shinge, a leƙo, a kalli fuskokinmu, a ce mu wuce.

Tsafe

Na iske ta kan tabarma ta koma kamar karan dawa, ɗaki cike da 'yan dubiya. A gefen kanta akwai samira, na buɗe ina zaton fura ce. Ashe kafso ne, ja da baƙi, ja da rawaya, wasu ko takarda babu. Haka muke yi: mai zuwa dubiya sai ya biya kemis ya sayo abin da ya taɓa yi masa amfani. Ita kuwa Yaya kara gare ta. A gaban mutum take haɗiyewa don kada ya ji an raina shi.

"Yaya, duk wanga kike sha?"

"To Garba, mutum ya tako tun daga Mada, in ce mishi mi?"

Mijinta Malam Sani ya ce ai kowa alheri ya nufa. Na ce alherin ne zai binne ta. Na ɗauke ta, na haɗa da samirar.

Gusau

Da la'asar muka shiga asibiti, aka ba ta gado, aka sa mata ƙarin ruwa. Ni baranda na samu, abincina shinkafa da wake a bakin ƙofa. Bayan gwaji, likitar, yarinya sa'ar 'yata, ta juye samirar kan tebur ta daɗe tana kallo.

"Baba, a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke taya mutum narkar da abinci, su hana miyagu wurin zama. Waɗannan kafso ba sa zaɓe. Sun kashe nagarin, mugu ɗaya ya samu fili."

Karatuna a aji uku ya tsaya, amma ni manomi ne. Na ga wanda ya fesa maganin ciyawa ya ƙone har dawarsa.

Ta ce magani ɗaya za ta bayar, kada a ɗora masa komai, sannan a bi ta da abinci sannu a hankali, kindirmo, wake, ganye, ko nagarin da suka rage sa yaɗu. In kuma ciwon ya yi ta dawowa, a wasu wurare ana ɗibar halittun daga bayan gidan mai lafiya, a tace, a sa wa mara lafiya a hanji. Su dai ba sa yi a nan.

Yaya ta juya fuska ga bango. "Najasar wani a cikina? In yi sallah da mi? Garba, in ta kai ga haka, ka bar ni in tahi da tsarkina."

Likita ta fara bayani, na ce ta huta. Na san yayata. Ko ana yi a ƙofar gidanmu ba za ta yarda ba. Ke nan 'yan halittun kirkin da suka rage a cikinta su ke nan gare mu, kuma kafso ɗaya na mai dubiya zai iya ƙarasa su.

Komawa Bungudu

Da aka sallame mu, Malam Sani ya so a mayar da ita ɗakinta. Na ce a'a, ba shi da bakin hana maƙwabta. Direban da ya ɗauko mu ya ba ta gidan gaba, ya bi ramuka a hankali.

Na shimfiɗa tabarma a zaure, na ajiye samirar a gabana. Na farkon zuwa shi ne Kawu Ila daga Furfuri, ƙanin innarmu, da ƙullin leda a hannu.

"Kawu, gaisuwa ta shiga, wanga ya tsaya nan."

"Kai Garba, ni ne zan kashe ɗiyar 'yar'uwata?"

"Ban ce ba. Aje dai."

Ya ajiye maganin a samirar, ya shiga, ya fita bai yi mini sallama ba. Yanzu a gari ana cewa Garba ba shi da kunya. Su faɗa. Na ga inda kunya ta kai mai ita.

Ga mu a gida, Allah mun gode maka. Likitar nan da direban nan, Allah ya saka musu. Jiya Yaya ta yi azahar a tsaye, sannan ta aiko wai in ba ta samirarta za ta dama fura. Na ce ta ari kwano wurin matata, wannan tana bakin aiki. Kafson 'yan dubiya har ya sake kai rabinta.