Jar fitilar ƙanwata

Shekarar da ƙanwata ta zo hutu daga ƙasar waje, inda take karatun digiri na uku, damina ta yi kyau a wajenmu. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, hanyar da ta taso daga titin Ɗanbatta zuwa ƙauyenmu kuwa ta zama taɓo. Ni na je ɗauko ta a babur. Na ɗora jakarta a kan tanki, amma akwai wani ɗan gwangwani da ta ƙi rabuwa da shi, ta riƙe shi kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Mene ne a ciki?" na tambaye ta.

"Aikina ne, Yaya. Ka dai bi a hankali."

Tun kafin ta iso, Baba ya shaida wa majalisarsu ta ƙofar masallaci cewa 'yarsa karatun fitila take yi. Abin da ya fahimta ke nan a waya, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai mutanen gari sun ɗauki maganar yadda ta yi musu. Washegarin isowarta da hantsi tsakar gidanmu ta cika da matattun tociloli. Liman ya aiko da fitilarsa ta sola, goggonmu, yayar Baba, kuwa har rediyo ta haɗo, wai ai duk wuta ce.

Ƙanwata ta yi dariya har da hawaye, sannan ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Wasu tsatsa ce kawai ta cinye bakin batir, ta kankare da wuƙar Inna suka kama. Sauran ta ce in kai wa mai gyara ranar kasuwa, don ita ba ta iya ba.

"To me kike yi a can ɗin?" in ji Goggo, tana hararar rediyonta da bai tashi ba.

Sai ta ɗaga wayarta. Ta ce duk launin da muke gani a fuskar waya daga ƙananan fitilu kala uku yake fitowa: ja, kore da shuɗi. Ita da abokan aikinta kuma wani sabon sinadarin yin fitilun suke gwadawa, sunansa ferofskayit.

"Farfesa?" in ji Inna.

"A'a, Inna, wannan narkar da shi ake yi kamar gishiri."

Ta ce ɗiga shi ake yi a kan gilashi, a juya da inji har ya kwanta, ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba. Kore ya ba su haɗin kai. Ja ne mai taurin kai: in an ba shi wuta kaɗan ba ya ɓarna, amma haskensa dishi-dishi, in an ƙara masa, sai yawancin wutar ta koma zafi, ba da jimawa ba ya mutu.

Baba, wanda ke zaune a kan buzu yana gyaran ƙotar fartanya, ya ɗago kai. "Ashe halin tsohon jakina gare shi. In ka lallaɓa shi ya tafi, in ka matsa masa ya kwanta."

"Haka ne, Baba. Mu kuma so muke ya yi sauri, ya ci kaɗan, kuma kada ya kwanta."

"Wannan jakin ba a haife shi ba tukuna," in ji Baba.

Bayan azahar muka taru a ɗakin Inna. Aka rufe taga, aka saki labule. Ta buɗe gwangwanin, ta fito da gilashi wanda bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Wani tsohon gwaji ne da malaminsu ya bar mata. Ta jona 'yan wayoyi da batir, sai ga wani ɗigo ya kama, jawur kamar tattasan lambun Watari.

Muka zuba masa ido.

"Shi ke nan?" in ji Inna.

Goggo ta ce garwashin murhunta ya fi wannan girma, kuma ba a hau jirgi kafin a hura shi ba. Amma Baba ya matso har gemunsa na neman taɓa gilashin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce bai taɓa ganin ja mai tsabta haka ba. Na ga fuskar ƙanwata ta washe.

Da la'asar Baba ya kafe sai abokansa sun gani. Ta ce masa danshin damina maƙiyin abin ne, kuma ya riga ya tsufa. Bai saurara ba, ya sa na bi shi da batir. A fili ba a ganin komai saboda rana, don haka ya baza babbar rigarsa, dattawa suka riƙa cusa kai ɗaya bayan ɗaya kamar masu leƙa rijiya. Kowa ya fito sai ya ce masha Allah. Da layi ya zo kan Liman, ya daɗe a ciki, can muka ji muryarsa daga ƙarƙashin riga: "Alhaji, ina jin ta cika fa."

Majalisa ta fashe da dariya. Baba ya dawo gida jiki a sanyaye, yana neman yadda zai faɗa mata. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce ita mamakinta ma yadda fitilar ta kai la'asar, ai wannan mutuwar ita ce abin da suke yaƙi da shi kullum.

Bayan an gama girbi ta bugo waya, muna tsaka da ɗaurin gero. Ta ce sun sauya haɗin, sabuwar ta fi haske kuma ta fi jimiri, ko da yake da sauran aiki. Baba ya karɓi wayar daga hannuna, ya sa mata albarka, sannan ya ce, "In za ki dawo ki taho da biyu. Liman bai gama gani ba."