Ruwan da Na Zuba wa Kunkuru

Motata ta farko kunkuru ce, irin mai inji a baya, wadda ba ta shan ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Na saye ta hannun wani fasto lokacin ina koyarwa a Kafanchan, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. A miƙaƙƙiyar hanya ba laifi, amma da ta hango tudu sai ta kama tari. Ƙauyenmu kuwa yana bayan duwatsu ne, can wajen Kauru, inda mahaifiyarmu ke kwance cikinta na kumbura tun farkon damina. Asibiti sai Zonkwa.

Yayana ya yi shekara ashirin yana gyaran jirgin ƙasa mai kwal a loko, wato garejin jirage. Da jiragen dizal suka zo, aka ce zamaninsa ya wuce, aka sallame shi. Ba mai yawan magana ba ne. Da na ce masa ina son ɗauko Mama, ya zagaya motar sau biyu, ya kasa kunne, ya ce, "Ticha, wannan mota ba zai hau dutsen gida da mutum uku ba. Numfashin shi gajere ne."

Sabon inji ya fi ƙarfin albashina. Sai ya tafi Fadan Kaje, inda wata ƙaramar bas ta faɗa kwari, ya dawo da karanshaf ɗinta a buhu, wato ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar inji. Ya ce hannun wannan ya fi na kunkuru tsawo, zai ja fistin ya yi nisa, ƙarfi ya ƙaru. Matsalar ita ce cikin injin ya yi masa kaɗan. Kwana goma sha biyu Yaya ya yi zaune a bayan gidana da magagari. Sai ya shafa bular wanki a jikin ƙarfen, ya juya shi a hankali, ya duba inda shuɗin ya taɓa, ya goge wurin kaɗan, ya sake shafawa. Yatsunsa suka yi shuɗi, daga baya suka tsattsage.

Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa, ɗalibaina shaida ne. Kullum na taso daga makaranta sai na tsaya a kansa ina tsaki. Ran Alhamis mota ta tashi, da wata murya mai kauri da ban san ta da ita ba. Yaya ya ce sai an yi mako ana lallaɓa ta cikin gari, ƙarfe ya saba da ƙarfe. Washegari wani direba ya kawo saƙo cewa Mama ko kunu ba ta iya haɗiyewa. Na ce ba wani mako. Ran Asabar muka kama hanya.

Motar ta hau dutsen. Wannan kam ba zan danne masa ba, ta hau shi ba tari ko ɗaya, na ga bakin Yaya ya motsa kamar zai yi murmushi. Muka shimfiɗa wa Mama katifa a baya, muka juyo da rana tsaka. A tudun ƙarshe kafin kwalta sai warin ƙonannen mai ya cika motar. Yaya ya tsaya, ya buɗe bayan.

"Ya yi zafi ne kawai," ya ce. "A bar shi ya huce da kanshi. Awa ɗaya. Kar ka taɓa komai."

Mama ta ce da yarenmu tana marmarin madara. Akwai rugar Fulani a gangare, ya ɗauki kwano ya nufi can. Aka bar ni da nishinta. Na dubi agogo, minti goma. Na sake duba, sha biyu. Ga rafi yana gudu a gefen hanya, ni kuma tun ina yaro nake ganin direbobin manyan motoci suna kwara wa inji ruwa su wuce abinsu. Na ce a raina ilimin loko ne ya yi wa Yaya yawa. Na jawo daron wankan Mama, na ciko shi, na sheƙa.

Tururi ya turnuƙe. A cikinsa na ji ƙas, kamar tukunyar ƙasa ta tsage a murhu.

Yaya ya dawo da madara. Ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya dubi daron da ke hannuna, ya durƙusa ya leƙa. Kan injin ya tsage. Bai ko murɗa makulli ba, ya juya ya koma rugar da gudu. Fulani huɗu suka zo da sanduna, suka ɗaura bargo, muka ɗauki Mama muna karɓa-karɓa. Muna hango kwalta dattijon cikinsu ya ce mu sauke ta a inuwa. Ta riga ta cika.

A wurin jana'iza kawunmu ya tambaya a gaban jama'a me ya sami motar. Ina riƙe da littafin waƙoƙi, na sunkuyar da kai. Yaya ya ce, "Ƙarfen da na sa ne ya fi ƙarfin inji. Laifi na ne." Kafin mako labari ya karaɗe Kafanchan: mai jirgin kwal ya yi karambani da mota ya kashe uwarsa. Daga nan ko keke ba wanda ya ƙara kawo masa gyara. Ni kuwa aka yi ta yi mini gaisuwa, ana cewa na yi ƙoƙari, ina amsawa. Har yau kunyar wannan amsawar tana cina.

Sau ɗaya na je ɗakinsa na ce zan tashi a majami'a in faɗi gaskiya. Yana zaune yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗago ba.

"Ticha, kai yara na jiran ka a aji," ya ce. "Ni wa ke jira na?"

Na karɓi wannan a matsayin izini, don abin da na je nema ke nan. Ya ƙara shekara shida a duniya yana noman citta a gonar wani, kuma ban tashi a majami'ar ba.