Yadda Rumfar Magana Ta Faro a Ƙanƙara

Duk tsufan nan da na yi, ban taɓa mantawa da ranar da wani manomi ya shigo asibitinmu na Ƙanƙara ya ce a yi wa 'yarsa allurar magana ba. Ku da kuka tarar da wannan wuri da rufin kwano da kujerun yara, ku sani daga wannan roƙo aikinku ya samo asali.

A shekarun 1950 ne, zamanin En'e. Asibitin ɗaki biyu ne, na shan magani kawai, ba a kwantar da kowa. Malam Isuhu shi ne babban malamin asibiti, shi ke duba marasa lafiya ya yi allura. Ni ina ƙarƙashinsa, aikina wanke gyambo, awon jarirai, da duba matan da ba sa yarda namiji ya duba su. A samanmu akwai likita mai zuwa rangadi daga Katsina jefi-jefi.

Ranar kasuwa ce, farkon damina. Mutumin, Baba Nomau, Bamaguje ne daga wani ƙauye kusa da Mabai. Ya ɗaure jakinsa a gindin tsamiyar bayan asibiti, ya shigo riƙe da Ladi, yarinya 'yar shekara biyar, uwarta na biye. Tun tana koyon magana sanƙarau ya kama ta. Ta warke, amma bakin ya tsaya.

"Malam, an ce allurarku na kashe gyambo," in ji shi. "To ga ɗiyata, a yi mata ta magana."

Malam bai yi dariya ba. Ya duba bakin yarinyar, sannan ya zagaya bayanta ya saki kwano a ƙasa, ba ta waiga ba. Da ya tafa hannu dab da kunnenta na hagu, sai ta juyo.

"Baba, babu allurar magana. Harshenta lafiya lau, kunne ne ciwon ya taɓa, amma akwai sauran ji a na hagu."

"Wanzami ya ce linzami ne. Ran Juma'a za shi yanke mata ƙarƙashin halshe."

"In aka yanka, wahala kawai za ta sha. Ka ba mu ita zuwa kaka. Duk ranar kasuwa a kawo ta bayan mun sallami jama'a."

Da farko Baba Nomau bai yarda ba. Uwar ce ta ce ita za ta riƙa kawo ta ko da goyo ne, sannan ya amince.

A makarantar horar da malaman asibiti Malam ya taɓa ganin yadda ake koya wa kurame magana da ido da taɓi. Ya nuna mini abin da ya riƙe, ya ce ni zan yi, don yarinyar tana tsoron mai allura. Kayan aikinmu madubina ne, da 'yar auduga, da tabarma a gindin tsamiya. Sai mu haɗa kai a gaban madubi, in rufe leɓe in ce "ba", ta kwaikwaya. In ɗora hannunta a maƙogwarona ta ji rawar murya, sannan in mayar da shi kan nata. Audugar kuwa a tafin hannu nake sa mata, ta hura ta tashi, don ta koyi sarrafa numfashi. Uwar tana gefe tana kallo, in sun koma gida ta maimaita mata a kunnen hagu wajen daka da wajen ɗibar ruwa.

Watan farko ba mu samu komai ba sai dariya da yawu a madubi. Sannu a hankali sauti ya fara fitowa, "ba", "ma", "ja", amma ba ta haɗa su su zama magana. Matan da ke wucewa kasuwa suka dinga tsayawa kallo. Kafin dawa ta fid da kai, wata ta kawo ɗanta mai in'ina daga Sheme, wata Bafulatana ta kawo 'yarta daga wajen Faskari. Tabarma ɗaya ta daina isarmu.

A nan hankalina ya tashi, domin an aiko cewa likita na tafe. Wannan aiki ba ya cikin abin da aka ɗauke mu yi, kuma in ya hana, ya hanu. Ya iso ranar kasuwa, ya gama duba ɗakin magani, ya leƙo baya ya same mu zaune.

"Wa ya ba ku izinin wannan?" ya tambayi Malam.

"Ranka ya daɗe, babu. Bayan an tashi aiki muke yi."

Likita ya ce bari ya ga abin da yaran suka iya. Na jawo Ladi, na nuna mata ubanta, wanda ya zo da ita ran nan, na ce ta ce "Baba". Makonni muna kan wannan kalma. Yarinyar ta dubi baƙuwar fuska, ta kame baki. Na lallashe ta, na kawo madubi, ko motsi. Baba Nomau ya sunkuyar da kai, likita ya fara gyara hularsa zai tafi.

Ashe jakin ya tsinke igiya ya kama hanya, kuma ita kaɗai ke fuskantar wajen. Sai ta ja rigar ubanta, da wata murya mai kauri, a rarrabe, ta ce, "Baba, jaki tahi."

Wani ya yunƙura zai bi jakin, Baba Nomau ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi, ya san gida." Ya durƙusa a gabanta, ya kai bakinsa kunnenta na hagu. "Ladi, mi kika ce? Sake hwaɗi."

Ta sake faɗa, har da nuni. Mutumin nan yana dariya hawaye na bin gemunsa, matan suka rangaɗa guɗa. Ran nan a ƙafa suka koma ƙauye, yarinyar a wuyansa, kuma na ji labari duk wanda suka gamu da shi sai an tsayar da shi ya ji batun jaki.

Likita ya ce ba shi da kuɗin da zai ba mu, amma mu ci gaba, kuma ya yi wa hakimi magana. Bayan girbi Baba Nomau ya kawo gayya daga ƙauyensu, mutanen gari suka kawo kara da itace, Musulmi da Maguzawa suka kafa rumfa a wuni ɗaya. Jama'a suka sa mata Rumfar Magana. Da iyaye suka fara zuwa har daga Sabuwa, aka mai da ita ɗakin ƙasa, daga baya aka yi wannan da kuke ciki. Ladi ba ta taɓa samun cikakken ji ba, amma ta yi aure, ta yi cinikin daddawa a kasuwar nan, kuma a wajen taya da sallama ba a cin ta.

Abin da na koya shi ne, mu sau ɗaya a mako muke ganin yaro, uwa kuwa tana tare da shi kullum, don haka uwar za ku fara koyarwa. Kuma kada ku tsare yaro a kan kalmar da kuke so ya faɗa. Ku ba shi kayan magana, ku yi haƙuri. Ranar da ya sami abin da yake son a sani, da kansa zai buɗe baki.