Na Kai Takwara Tarka

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da 'yata ta fari. Abin da ya fara ɗaukar idona a tasha wata 'yar rediyo ce a teburin mai shayi, an ɗaure murfin batirinta da roba. Na tsaya ina kallonta har yaron mota ya ce, "Hajiya, saye za ki yi ko tafiya?" Bai san saboda wata rediyo irin wannan nake barin gida ba.

Kuɗin mota ya hau, wurin zama kuma ya ragu. Aka cusa mu tsakanin wata tsohuwa mai kwandon tattabaru da wani Buzu da bai buɗe rawaninsa ba har muka rabu. Da gari ya waye sai ƙasar Damargu ta shimfiɗu gabanmu. Lokacin kaka ne, dammunan gero tsibi-tsibi a gonaki, mata na tugar gyaɗa, raƙuma na miƙa wuya cikin ƙaya kamar ba su da wani uzuri a duniya. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya na kasuwa, kowane makiyayi na hango sai na ƙaga masa wadda yake bege.

Ga dalilin tafiyar. Fiye da shekara goma da suka wuce na je goyon ciki gidanmu, wani ƙauye kusa da Belbeji. A danginmu mace ba ta kuka a kan gwiwa, balle a haihuwar fari. Gwaggona takan ce ita ko kajin tsakar gida ba su san ta haihu ba. Don haka da naƙuda ta zo na ɓoye ta, ina daka ina cije leɓe, har na faɗi a gindin turmi. A amalanke aka kai ni asibiti da rana tsaka. Malamar jinyar da ta karɓe ni ta ga jaririya ta ƙi saukowa, ni kuma na riƙe numfashi don kada Inna da Gwaggo da ke bakin taga su ji muryata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauko rediyonta, ta ɗora a tagar, ta ƙure murya. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "To, 'yar nan, yanzu ba mai jin ki sai ni, ni kuwa kurma ce. Saki." Na yi ihun da ban san ina da shi ba. Tana shafa bayana, tana juya ni, tana gaya mini lokacin yunƙuri, ba ta matsa ko nan da can ba har 'yata ta faɗo, shiru da farko, sai da ta yi ta murza ta kafin ta tsanyara.

Ranar suna mahaifin yarinyar ya yarda aka sa mata sunan malamar. Muka koma birni, ban taɓa ce wa matar nan na gode ba. Bana na ji an ce ta yi murabus, jiki kuma ya fara yi mata nauyi, sai tsoro ya kama ni kada in makara.

Muka bar kwalta muka kama burji zuwa yamma. Nan kowa ya san yana da ƙugu. A wani zango muka sha fura da nono mai sanyin randa, na sayi cuku, wainar madarar nan busasshiya, wadda 'yata ta ce kamar tana tauna tabarma, amma ta cinye nata ta kai hannu kan nawa.

A asibitin Belbeji na gamu da matsalar da ban yi lissafinta ba. Sunan 'yar fari ba ya fita daga bakin uwa. Ban taɓa kiransa ba tun da aka raɗa shi, "ke" nake ce mata. Sabuwar malama ta ce, "Wa kike nema, Hajiya?" Na ce, "Mai sunan wannan." Ta dubi yarinyar, yarinyar ta ɓuya a bayana don kunya. Da na ce malamar jinya ce da ta yi murabus, wani tsohon mai shara ne ya cece mu: "In mai rediyo ce, tana Tarka wajen ƙaninta."

Kabu-kabu ya kai mu, muna ratsa kwari da garken shanun Fulani. A hanya ina zana ta a raina kamar taurarin littattafaina, doguwa, fara, mai idanu kamar madara. Wadda na tarar gajeriya ce mai jiki, zaune a ƙarƙashin aduwa tana ɓarar gyaɗa, wata akuya na satar mata ta baya. Na yi sallama har sau nawa ba ta ɗago ba. Matar ƙaninta ta ce, "Sai kin ɗaga murya, kunnen ya tafi."

Na durƙusa na gaishe ta da ƙarfi. Ta ƙura mini ido ta ce, "'Yar wa ce? In allura ce na daina." Na ce ita ta karɓi haihuwata. Ta yi dariya. "Rabin Damargu ta hannuna suka zo. Wace ce ke a ciki?" Na nuna rediyon da ke rataye a reshe. Ta ce, "Wannan ai kowace mai taurin kai na kunna wa."

Zuciyata ta ɗan sosu, don na ɗauka ni kaɗai ce. Sai ta jawo yarinyar ta ce, "Ke kuma ya sunanki?" 'Yata ta faɗa a hankali. "Me?" Ta sake faɗa, kanta a ƙasa. "Ban ji ba!" Tsohuwar ta juyo gare ni tana jira, hannunta a bayan kunne. Matan gida sun taru suna kallo. Na duba, babu taga, babu abin da zai rufe muryata. Na cika ƙirji na kira sunan 'yata, da ƙarfin da har akuyar ta zabura.

Tsohuwar ta sauke hannu daga kunne. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta sa gefen zane ta share ido. "Takwara ce? Kika bari sai da ta kai haka?" Na ce, "Inna, na gode." Ta ce, "Wannan na ji. Ashe muryar tana nan."

Muka yini. Ta ɗora takwararta a cinya duk da girmanta, ta cika mana ƙwarya da gyaɗa, turmin atamfar da na kai mata kuwa ta ce ya yi wa tsohuwa kyau da yawa, amma ba ta mayar ba.

Washegari muka dawo Damagaram da ciwon ƙugu. Abin da na koyo shi ne godiyar da na yi shekaru ina ajiya a zuci ba ta taɓa isa kunnen kowa ba. Ita kuwa tana nan Tarka a gindin aduwarta. Kullum da hantsi takan kunna rediyon da ba ta ji, wai ko wata a maƙwabta tana bukata.