Dogon Ƙwan Garejin Baba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ranar da na sauke dogon ƙwan lantarkin garejin mahaifina tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a binne ni.

Baba bakanike ne a Karaye, injin ban-ruwa da babur yake gyarawa. Garejin ba shi da taga, ko da rana tsaka sai an kunna fitila. Fitilar kuwa dogon farin ƙwai ce irin ta da, a rataye daf da teburin aiki. Ba ta kamawa sai an murɗa sitatarta, wato ɗan abin tayar da ita da ke gefenta, ta yi ta ƙifce-ƙifce, sannan ta tsaya tana wani zuuu kamar ƙudan zuma.

Bayan rasuwar mahaifiyata ciwon ido ya cinye wa Baba gani, aiki ya dawo hannuna. Duk da haka kullum da hantsi sai ya dogaro sandarsa ya zo. Ya lalubi teburin, ya miƙa hannu ya murɗa sitata, ya karkata kunne. Da ƙarar ta daidaita sai ya ce in yi bisimilla, ya koma kan benci ya zauna. Ni a lokacin gani nake ɓata mini lokaci kawai yake yi.

Wata rana na je Rogo kai wani inji, na ga garejin wani abokina fes da sababbin ƙwayayen LED, ko allura ce ta faɗi sai ka gan ta. Ni da rawar kaina ban ko yi shawara ba, na sayo guda huɗu. Da yamma na kafa su, na wurgar da tsohon ƙwan bayan gareji, ya fashe.

Washegari Baba ya zo, ya miƙa hannu inda ya saba, bai taɓa komai ba. Hannun ya daɗe a sama yana lalube. Na yi masa bayani ina ta washe baki: ba ƙara, ba ƙifce-ƙifce, maɓalli kawai za a danna.

Ya ce, "To yanzu a kunne take?"

Na ce, "A kunne take, Baba."

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Kwana uku ya ƙara zuwa, yana zaune a kan benci, can ya tambaye ni ko an ɗauke wuta. A rana ta huɗu bai zo ba. Na ci gaba da aiki ni kaɗai cikin hasken nan mai yawa, ina ganin kowane noti, ina kuma ganin bencin babu kowa. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, amma na ce ai hutawa yake yi.

Sai da aka yi wata guda na tambaye shi dalilin da ya sa ya daina zuwa, yana zaune a ƙofar ɗakinsa. Baba dai ba mai ƙorafi ba ne.

Ya ce, "Da nakan ce idan ban je ba, yaron nan zai yi aiki cikin duhu. Yanzu me zan je in yi maka?"

Nan take na shiga neman irin ƙwan nan, Karaye babu, Rogo babu, masu shaguna har dariya suke yi mini wai na zo neman kayan tarihi. Da ƙyar na samu wani a gidan wani tsohon tela a Tudun Kaya. Kafin nan damina ta kama, Baba ya kwanta ciwo. Na kafa ƙwan, na je na gaya masa cewa ya ƙi kama mini, ba zai kama ba sai ya zo da kansa. Ya yi murmushi ya ce idan ya ji sauƙi. Bai sake taka garejin ba, ya rasu kafin a cire gyaɗa.

Har yau ƙwan yana rataye a tsakiyar sababbin, kuma kullum da hantsi ni nake murɗa shi, ko da yake ba na bukatar haskensa. Abin da na koya shi ne, kafin ka ɗauke wa dattijo wata wahala, ka fara tambayarsa, don wataƙila ita ce kaɗai take fito da shi daga ɗaki.