Ƙwai Shida da Masarar Kajina

A shekarar da masara ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, ina da kajin ƙwai arba'in a wani ɗaki a bayan gida. Gonar da na gada ƙarama ce, kamar ta kowa a wajenmu, hatsinta ba ya kai mu kaka. Kajin ne ke riƙe da gidan. Duk sati biyu nakan je kasuwar Dawanau in auno masara, in kai wa mai injin garinmu ya ɓarza. Maiɗakina ce ke haɗa ta da waken soya ta zuba musu, don ni da safe ina gona, bayan la'asar kuma ina ajin yaƙi da jahilci.

Mai injin nan tare muka taso, shi ne ma babban abokina lokacin aurena.

Sai ƙwai ya fara ja baya. Na ba kajin magani, na sauya musu mazubin ruwa, ban ga canji ba.

Ana cikin haka malaminmu ya kawo wata malama daga jami'a, tana neman ƙwai daga masu kiwo. Ta ce duk abin da kaza ta ci yana barin alama a ƙwanta. Masara da dawa da gero alamarsu ɗaya, shinkafa da waken soya da gyaɗa tasu daban. Ido ba ya gani, sai an busar da ƙwan, an ƙona ɗan kaɗan a cikin na'ura ta auna.

Wani dattijo a ajin ya ce, "Malama, kada dai ki auna mu, garin kwaki zalla za ki gani."

Ta yi dariya. Na ba ta ƙwai shida, na gaya mata yadda nake haɗin abincin, ta rubuta.

Bayan wata biyu ta dawo da takarda, ta rubuta mini sakamakon da Hausa. Na bi shi da yatsa har ƙarshe. Masarar da ke cikin ƙwaina ba ta kai rabin abin da na faɗa ba.

Ta ce, "Malam, na'urar ba ta san wanda ya yi me ba. Abin da ta ce kawai, masarar ba ta kai cikin kajinka."

Ban saurari wannan sosai ba, don na riga na yanke hukunci. Mai injin yana casar shinkafa, dusarta jibge a rumfarsa. Daga ajin na wuce can, a gaban masu jiran niƙa na ɗaga takardar.

"Amanar da na ba ka ke nan? Ka kwashe masarata ka cika da dusa?"

Ya kashe injin, ya kaɗe hularsa. "Jami'ar ce ta ce ni ne?"

"Wa ke taɓa masarar in ba kai ba?"

Ya dube ni, ya ce, "To." Ya sake tayar da injin.

Kafin sati, mutane suka fara kai niƙansu ƙauyen gaba. Magana ce mai takarda, kowa ya yarda da ita.

Wata rana da azahar maiɗakina ta ajiye mini kwano, ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, tuwon mene ne wannan?"

"Na masara."

"Ka noma masara bana?"

Ban noma ba. Dawarmu kuwa ta ƙare tun kafin ruwan farko, na sani, amma ban taɓa tambayar daga ina tuwo ke fitowa ba. Ta ce daga ɓarzajjiyar masarar kaji take ɗiba, ta sake dakawa, ta tankaɗe. Ba za ta iya zuba wa kaji masara ba alhali yara na kwana da ruwan kunu. Dusar shinkafar da take cike gurbin da ita, matar mai injin ce ke aiko mata, da saninsa, kuma kyauta.

Wato ranar da na tsaya a kansa ya san komai. Da ya yi magana, da garin ya ji cewa gidana ba abinci.

Na jira ranar kasuwa, lokacin da rumfar ta fi mutane. Na roƙe shi ya kashe injin. Na ce, "Jama'a, masarar kajina ni na cinye ta, da ni da iyalina. Rumbuna ya ƙare ban faɗa ba. Wannan bawan Allah ya rufa mini asiri, ni kuma na ɓata masa suna."

Mai injin ya kalle ni tun daga sama har ƙasa.

"Wata huɗu kana cin abincin kaji," in ji shi, "ko ƙwai ɗaya ba ka saka ba. Asara dai aka yi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Niƙa ya dawo masa, ko da yake wasu sun ɗauki lokaci. Na sayar da rabin kajin. Tun daga nan in na dawo daga Dawanau, a ƙofar gida nake raba masara biyu, kuma ta gida nake fara aunawa.